Zoben Inna

Tun da gari ya waye Auta ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta sa wannan riga ta tuɓe, ta sa waccan ta je gaban madubi ta ce ta yi mata yawa, ta koma wa ta farkon. Mayafin da ta goge jiya ma sai da ta sake bin sa da dutsen guga. Yayarta na zaune kan keken ɗinki tana ƙarasa bakin wani siket, ta ɗago kai ta ce mata in dai ba miji za a zaɓa mata a makarantar ba, ta zauna ta sha shayi tun ba ta sa wa mutane jiri ba.

Auta ko murmushi ba ta yi ba. Jiya da yamma ta sauka daga mota, gobe da sassafe za ta koma. A wani birni mai nisa take aiki, tana jinyar wata tsohuwa da ko juyi ba ta iya yi a gado: ɗagawa, wankewa, ba da abinci a baki, kwana a shimfiɗa kusa da gadon. Tun rasuwar mijinta take can, kuma tun lokacin 'yarta ɗaya tilo take hannun Yaya. Sa'ad da aka kawo yarinyar ko magana ba ta gama iyawa ba, yanzu ga ta a aji ɗaya, baki kamar reza. Yaya ce ta raɗa mata Tarwaɗa, don in ana mata wanka sai ta sulluɓe ta ruga tsakar gida da kumfa a jiki, sunan kuwa ya bi ta har makaranta. Tana kiran Yaya Inna, tana kiran Auta Mama. Suna dai an ba kowacce nata, amma duk sauran abubuwan na Inna ne.

A dubi safiyar nan kawai. Safa ɗaya ta ɓata, Inna aka tambaya. Shayi ya yi zafi, Inna aka miƙa wa ta fifita. Auta ta ɗauki mataji ta ce zo in gyara miki kai, yarinyar ta zo ba musu, ta zauna ɗam kamar a gaban baƙuwa, ko wash ba ta ce ba. Da aka gama ta ce na gode, ta zagaya bayan keke ta sa Inna ta sassauta mata ɗaurin. Wannan godiyar ta tsaya wa Auta a rai. Wa ya taɓa jin ɗa ya gode wa uwarsa don ta taje masa kai?

Makarantar su Tarwaɗa ce ta shirya taron Ranar Uwa, aka ce kowane yaro ya zo da tasa. Saboda shi Auta ta roƙi hutu, ta yi ta naci har 'yar da tsohuwar ta haifa, wadda ta ɗauke ta aikin, ta gaji ta ce to je ki, amma kada ki wuce yadda muka yi. Abin da ya kawo ta ɗaya ne tak. So take a gaban mutane, ko sau ɗaya ne, yarinyar nan ta nufo ta da kanta, kowa ya shaida cewa ita ce uwarta.

A hanya ma ba ta sami sakat ba. Waya ta yi ta ƙugi a jaka, 'yar tsohuwar ce, yanzu tana tambayar inda aka ajiye maganin rana, an jima kuma wai tsohuwa ta ƙi buɗe baki. Auta na tafe tana ba da amsa, saura kaɗan ta auka kwata. Kafin ta ɗago kai, Tarwaɗa da Inna sun yi mata nisa, suna tafe suna gardama a kan ko ƙadangare yana barci.

Ajin ya sha ado iya ƙarfin masu shi. An rataya furannin takarda a zare daga taga zuwa taga, wasu gam bai gama kama su ba sun langaɓe. A bango an manna tambarin tafin hannun yara da fenti, ja da shuɗi da rawaya, kowanne da ɗigon da ya gangaro ƙasa. Warin gam da ƙurar alli da turaren mata duk sun haɗu sun cika wurin. Kujerun yaran aka jera wa iyaye, 'yan mitsi-mitsi, duk wadda ta zauna sai gwiwa ta kusa taɓa haɓa. Wata mata mai jiki ta dubi kujerar, ta dubi kanta, ta ce ita dai tsayuwa ta fi mata lafiya.

Malamar ajin yarinya ce sabuwar hannu, mai son abu ya yi kyau, fenti har gwiwar hannunta. Tana hango su ta taho da fara'a ta kama hannun Yaya tana yi wa Maman Tarwaɗa sannu da zuwa. Yaya ta ce a'a, ga maman nan a bayana, ni riƙo kawai nake yi. Malama ta daburce. Ta ce ai ba komai, ranar ta duk wadda ta tsaya wa yaro a matsayin uwa ce, kaka ce ko gwaggo ko yaya, su duka biyun su zauna. Ta aika aka ɗauko ƙarin kujera daga ajin da ke kusa. Kan kujerar aron nan Auta ta zauna, kuma ta lura da hakan.

Aka fara da waƙa. Rabin yaran na gaba rabi na baya, wani ɗan gajere yana ta ihu shi kaɗai bayan kowa ya gama baiti, iyaye na ɗaga waya suna ɗauka. Daga nan aka ce kowa ta tashi ta duba zanen da ɗanta ya yi mata. Auta ta bi bango da ido har ta gano na Tarwaɗa. Wata mace ce mai ƙaton kai da yatsu kamar tsintsiya, kusa da ita wani baƙin abu mai ƙafa da wili. Ba sai an gaya mata keken ɗinki ne ba. Can a ƙurya, wajen da takardar ta kusa ƙarewa, ga wata 'yar mota mai tagogi da yawa, da wani ɗan kai kamar ƙwayar wake a taga ɗaya. Auta ta daɗe tana kallon ɗan kan nan. Yaya ta zo ta tsaya kusa da ita, ta ce yara dai ba su da kai, abin da suka gani kawai suke zanawa. Da ta yi shiru ma da ya fi.

Sai Malama ta tafa hannu ta ce yanzu an zo ga babban wasan, wanda yara suka daɗe suna ɗoki. Iyaye za su jeru, kowacce ta miƙa hannu ɗaya. Za a ɗaure wa yaro ido da kyalle, a juya shi ya fuskanci allo, iyaye su canza wuri, sannan ya bi layi yana laluba har ya gane hannun uwarsa. In ya gane, sai ya ɗora mata kambun kwali da ya yanka ya shafa wa fenti da kansa. Kambunan na jere kan tebur, kowane yaro guda ɗaya. Dokar ita ce ba magana, ba tari, ba dariya.

Auta ta dubi hannuwanta.

Yaron farko ɗan wata mai sayar da kifi ne. Wannan ko wahalar laluba bai yi ba, hanci ya kai shi, ya tafi kai tsaye ya rungume ta, aji ya kece da dariya har ita uwar. Ta biyu wata 'yar lukuta ce. Ta wuce uwarta, wata 'yar gayu mai takalmi mai tsini da alama daga ofis ta fito, ta je ta ƙanƙame kakar wani yaro tana tsalle. Aka yi ta shewa. Uwar ta fi kowa dariya, amma Auta na kusa da ita, ta ga yadda take murɗa igiyar jakarta har yatsun suka yi fari. Nan Auta ta ciro waya ta kara a kunne alhali ba wanda ya kira, ta fice.

A baranda akwai famfo mai ɗiga, da guga a ƙarƙashinsa. Nan ta tsaya tana kai da kawowa. Ta yi tunanin ta wuce gida ta ce ciwon kai ne. Ta yi tunanin ta wuce tasha ma gaba ɗaya, tun da can ana nemanta. Tana cikin haka Yaya ta fito tana gyara ɗankwali, ta tambaye ta ina za ta.

"Ki shiga ke kaɗai, Yaya. Ai ke ce uwar, kowa ya gani a bango."

"Auta, kar ki kawo min raini. Ni na raba ki da ita? Ba da hannunki kika kawo min ita kina kuka ba?"

Suka yi cirko-cirko, famfo na ta ɗiga. Amma fushin Yaya wutar kara ce, kafin ka ankara ta mutu. Ta dubi ƙanwarta, ta ga idon ya kaɗa ya yi ja, sai tausayi ya kama ta. Ta ja dogon numfashi ta dubi hannunta na dama.

Akwai wani tsohon zoben azurfa a yatsan Yaya. Tun da ta rame ya yi mata yawa, sai ta naɗe bayansa da baƙin zaren keke don kada ya faɗi. Ta ce wa Auta ai da zoben nan Tarwaɗa take barci kullum, sai ta kama yatsan tana juya shi tana sosa zaren da farce har ido ya rufe. Auta ba ta taɓa sanin haka ba, kuma jin sa ma wani ciwon ne. Yaya ta ce abin mai sauƙi ne. Auta za ta sa zoben. Da an ɗaure wa yarinya ido, ita Yaya za ta zame ta koma bakin ƙofa. Yarinya na jin zaren za ta tsaya, in ta kwance kyalle ta ga uwarta, shi ke nan, a yi tafi, a ɗora kambu, an wuce wurin. Auta ta ce ai wannan cuta ce. Yaya ta ce cutar wa, jarrabawa ce ko zaɓe?

Kada a ga laifin Yaya, alheri ta nufa. Auta ma ta san abin bai kwanta mata ba, amma ta tuna igiyar jakar matar nan, sai ta miƙa hannu. Yatsunta sun kumbura da aiki, zoben ya tsaya a gaɓa ya ƙi wucewa. Sai da ta jiƙa yatsan a guga, ta cije leɓe ta danna shi da ƙarfi sannan ya shige.

Suka koma suka shiga layi kafaɗa da kafaɗa. Ba a jima ba Malama ta kira Tarwaɗa. Yarinyar ta fito tsakiya, ta dubi Inna, ta dubi Mama, fuskarta ba wasa kamar wadda aka aika da saƙo mai nauyi. Aka ɗaure mata ido, aka juya ta wajen allo. Mata suka shiga canza wuri suna danne dariya, Yaya ta sulale ta bayan matar nan mai jiki ta je ta raɓe a bakin ƙofa. Malama na can tana gyara ƙullin kyalle, ba ta ga komai ba.

Auta ta sami kanta wajen farkon layi. Ta miƙa hannun mai zobe, ta karkata shi yadda zaren zai fara haɗuwa da duk abin da ya taɓa shi. Ɗayan kuwa ta kai shi bayanta ta ɓoye. Dama ba abin nunawa ba ne. Shi ne mai wanki da goge-goge, sabulu da ruwan kashe ƙwayoyin cuta sun cinye tafin, duk ya tsattsage ya yi kaushi kamar soson ƙarfe.

Tarwaɗa ta taho hannu biyu a gaba, tana jan ƙafa. Ta taɓa hannun farko ta saki. Ta taɓa na gaba ta saki. Saura Auta. Sai ga 'yan yatsu masu ɗumi, masu danƙon gam, sun sauka kan nata. Suka ci karo da zoben. Farce ya sosa zaren. Yarinyar ta tsaya cak, ta juya zoben iya yadda ya yarda ya juyu, Auta kuwa har ta fara jin tafi a kunnenta. Sai Tarwaɗa ta matso, ta kai bakinta kusa da hannun, ta yi raɗa yadda ba wanda zai ji sai mai shi.

"Inna, ki yi haƙuri. Yau Mama zan sa wa."

Ta saki hannun ta yi gaba.

Ai kuwa garin neman gira an rasa ido. Auta ta bi ta da kallo. Ta buɗe baki za ta kira ta, ta ga Malama da yatsa a leɓe tana zare wa kowa ido, ta ga wayoyi a sama duk sun nufo layin. In ta yi magana sai an tambayi dalili, in an tambaya kuma sai kowa ya san zoben aro ta sa don 'yarta ta gane ta. Kunyar nan ce ta rufe mata baki. Ta ce a ranta bari in cire shi tukuna, ta kawo ɗayan hannun ta fara ja. Zobe ya ce bai san zancen ba. Ta murɗa, ta ja, yatsan ya ƙara kumbura ya yi jawur, zoben na nan daram.

Ita kuwa Tarwaɗa yanzu ta rage sauri. Kowane hannu sai ta buɗe tafin ta bi shi da babban yatsa a hankali. Ta daɗe a wajen wata mai wankau, har matar ta fara murmushi tana kallon na kusa da ita, sannan yarinyar ta girgiza kai ta wuce. Ta wuce kakar nan, ta wuce 'yar gayun, ta wuce mai kifi. Ta saki hannun ƙarshe ta miƙa nata gaba, ba ta taɓa komai ba sai iska. Ta ƙara taku, ta ci karo da bakin tebur.

Wasu yara suka fara ƙyalƙyala, iyayensu suka harare su. Malama ta sunkuya ta ce mata ba komai, ta juya ta sake gwadawa, kowa ma yana kuskure. Yarinyar ba ta motsa ba. Ta ɗaga kai wajen da muryar take fitowa.

"Malama, motarta ta tashi ne?"

Malama ba ta gane ba, ta ce wace mota. Tarwaɗa ta ce ba komai, dama aiki gare ta. Ba ta yi kuka ba, muryarta ko rawa ba ta yi ba. Haka ta faɗe shi kamar mai cewa an ɗauke wuta. Da kuka ta yi da Auta ta fi samun sauƙi, don wannan haƙurin ba na yarinya 'yar aji ɗaya ba ne, kuma Auta ta san wa ya koya mata shi.

Yarinyar ta juya da kanta, ta biyo layi da baya tana taɓa hannuwa sama-sama, ba ta tsayawa. Ta iso kan zoben ta kama yatsan da hannu biyu, ta jingina goshinta a kai.

"Inna, ta tafi. Ke zan sa wa."

Auta ta durƙusa kan siminti. Ta manta da doka, ta manta da wayoyi.

"Ban tafi ba. Ga ni nan."

Tarwaɗa ta sandare. Ba ta kai hannu ga kyallen ba. Ta saki zoben, ta laluba sama ta sami fuskar, ta ji ta jiƙe sharkaf. Ta gangaro kafaɗa, ta bi damtse, ta sauka har ta kamo ɗayan hannun da ke zube kan cinya. Ta buɗe tafin, ta bi tsage-tsagen da babban yatsa, ɗaya bayan ɗaya.

"Ga shi nan," in ji ta. "Jiya da barci ya ɗauke ki a kujera na koye shi. Me ya sa kika ɓoye min?"

Malama na tsaye da kambun kwali a hannu, ta rasa ko tafi za ta ce a yi. A bakin ƙofa Yaya ta ja gefen ɗankwali ta rufe fuska. Yarinyar kuwa na tsaye, ido a ɗaure, riƙe da hannun gam, tana jiran amsa.